Goggo da Darasin Hura Kunu

Shekara tara ke nan ina tsaye a bayan tagar ba da magani a asibiti. Da a shekarun farko ka tambaye ni maganin ciwon huhu, mai karatu, da na jero maka sunaye da awo ba tare da tuntuɓen harshe ba. Goggona ce ta nuna mini inda ilimin nawa ya tsaya.

Ba ta taɓa sa taba a bakinta ba. Abin da ta sha shi ne hayaƙin itace, shekara talatin da ɗoriya tana tuyar ƙosai da asuba a wani ɗakin girki marar taga. Tari ya fara mata kamar na mura, ya ƙi tafiya, kaki ya biyo baya, sai kuma haki da zarar ta ɗauki bokitin ruwa. An daɗe ana ba ta maganin asma kafin a yi mata gwajin hura iska cikin na'ura, aka tabbatar cewa cutar da likitoci ke kira COPD ce, wato toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa. Mai asma yakan sami sarari tsakanin tashin ciwo da wani, amma ɓarnar da wannan cuta ta yi wa huhu ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta kashe mutum miliyan 3.23 a shekarar 2019, kuma ita ce ta uku a jerin cututtukan da suka fi kisa a wannan shekarar.

Na yi abin da na iya. Na samo mata inhelar salbutamol ta gaggawa da kuma tiotropium da ake shaƙa sau ɗaya a rana. Mu kuma 'yan gida muka haɗa baki a kan magana ɗaya: "Goggo, ki zauna ki huta." Aka karɓe tsintsiya daga hannunta, aka karɓe tulu, aka hana ta zuwa kasuwa. Kafin shekara ta zagayo, salla sai a zaune, zuwa banɗaki ya zama tafiya, inhelar da ke ɗauke da shaƙa 200 kuma tana ƙarewa cikin mako uku.

Wata abokiyar aikina a sashen gashin ƙashi ce ta ji ina ƙorafi, ta tambaye ni, "Taku nawa take yi a yini?" Na rasa amsa. A sanina na lokacin, sashensu na masu karaya ne da masu shanyewar ɓarin jiki, kuma ina kyautata zaton kai ma haka ka ɗauka. Ta zaunar da ni ta warware mini. Mai wannan cuta yana tsoron haki, sai ya rage motsi. Tsokar ƙafafunsa ta yi rauni, tsoka mai rauni kuwa saurin gajiya take yi, tana kuma tilasta wa huhu aiki fiye da kima a kan ɗan motsi kaɗan. Haki ya ƙaru, tsoro ya ƙaru, zama ya ƙaru. Ashe hutun da muka ɗora wa Goggo don tausayi yana cikin abin da ke durƙusar da ita.

Ranar da na kai ta, ba ta ɓoye shakkarta ba. "Ɗan nan, ni da numfashi ke gagara, tafiya za a sa ni?" Aka auna nisan da za ta iya takawa cikin minti shida, ana duba iskar da ke jininta da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa. Sau uku ta tsaya ta dafa bango.

Abin da aka fara koya mata shi ne ya fi ba ni kunya, domin ba a sayar da shi. Babbar matsalar mai wannan cuta ita ce fitar da iska: ƙananan hanyoyin numfashi sukan rufe tun kafin tsohuwar iska ta gama fita, sabuwa ta rasa wurin shiga. Sai aka ce ta shaƙa ta hanci tana ƙirga biyu, ta tsuke leɓe ta fitar a hankali tana ƙirga huɗu, kamar mai hura kunu mai zafi. Tsuke leɓen nan yana riƙe hanyoyin a buɗe har iskar ta fice. Idan haki ya taso, ta zauna ta ɗan sunkuya gaba, ta ɗora gwiwar hannu a kan cinya, ta saki kafaɗu. Kaki kuma, maimakon tarin da ke wahalar da ƙirji, ta ja numfashi ta buɗe baki ta huro da ƙarfi kamar mai son dusashe madubi, sau ɗaya ko biyu, sannan ta yi tari guda. Daga nan aka shiga motsa jiki: tashi da zama a kujera, ɗaga gorar ruwa da hannu, tafiya ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Irin wannan shiri yakan ɗauki mako shida zuwa takwas, zuwa biyu a mako, da aikin gida a tsakani.

Ba zan ruɗe ka ba, huhun Goggo bai warke ba, kuma ba ta daina shaƙar magani ba. Duk wanda ya ce maka atisaye zai maye gurbin inhela, ka guje shi. Ni kaina da na sa ta shaƙa a gabana, sai na ga tana fesa maganin ne a harshe ta fitar da numfashi nan take. Wata da watanni ina miƙa mata shi ban taɓa dubawa ba. Idan kana da irin wannan majiyyaci, ka sa ya gwada a gaban mai ba da magani, in kuma inhelarsa mai sitiroyid ce, ya kuskure baki bayan shaƙa.

Kada kuma a fara komai sai likita ya duba zuciya ya amince. Ɗan haki wanda mutum ke iya magana a cikinsa ba abin tsoro ba ne yayin motsa jiki. Amma ciwon ƙirji, jiri, ko leɓe da farce su yi duhu, a tsaya nan take a nemi asibiti. Haka idan kaki ya ƙaru ko ya sauya launi, ko zazzaɓi ya zo.

Amfanin yakan zube idan aka daina, don haka yanzu jikarta ce ke ƙirga mata zagaye a tsakar gida bayan la'asar. Idan hazon hunturu ya yi kauri, a falo suke yi. Mun fitar da murhu waje, mun sallami maganin sauro na hayaƙi, turaren wuta ne dai har yau muke ja-in-ja a kansa. A watan jiya da ƙafarta ta je suna gida na huɗu daga namu. Ta tsaya sau ɗaya a hanya, ta jingina da dakali, ta hura kununta, ta ƙarasa.