Rabin Kayanmu Roba Ne: Wuni Guda a Marinar Ƙofar Mata

Gardamar anko ce ta kai mu Ƙofar Mata. Ajinmu ya yanke shawarar fitar da anko saboda walimar ƙarshen zango, wanda kuma shi ne na uku cikin shekara guda. A zauren WhatsApp na ajin wata ta ce ta ƙirga ankon da ke cikin akwatinta ta samu goma sha ɗaya, babu wanda ta sa fiye da sau biyu. Wani ya yi ba'a, ya ce to a kwashi tsofaffin a kai marina a mayar da su shuɗi, kowa ya fito iri ɗaya ba tare da an je Kwari ba. Aka yi ta dariya. Mu biyar ne muka ɗauki maganar da gaske, don aljihunmu ya gaji, iyayenmu ma sun fara tambayar ko karatu muke ko biki.

Ranar Asabar da hantsi muka cika jakar bakko da tsofaffin kaya, muka hau adaidaita sahu daga Kabuga, muka sauka kusa da Asibitin Murtala, muka ƙarasa da ƙafa. Abin kunyar shi ne huɗu daga cikinmu haifaffun Kano ne, mun sha wuce wurin, amma babu wanda ya taɓa leƙawa. A allon ƙofar shiga an rubuta 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Wari ne ya fara tarbar mu, wani irin tsami mai haɗe da ƙaurin toka wanda ke kama maƙogwaro kafin hanci ya saba. Filin cike yake da bakunan rijiyoyi a jere, sun haura ɗari. Mafi yawansu sun mutu, wasu ƙasa ta cike su, wasu ledar ruwa da tarkace. 'Yan kaɗan da ke aiki an kife su da murfin saƙa, a bakin wasu kuma dattawa ne zaune a kan 'yan kujeru, suna tsoma yadi suna ɗagawa. Muka nufi wani dattijo da ya fi kusa da mu, muka durƙusa muka gaishe shi. Baba muka riƙa kiran sa, shukar da yake rini da ita ma sunanta baba, sai hirar ta riƙa rikicewa har shi kansa yana dariya.

Da muka faɗa masa abin da ya kawo mu, ya ce a zazzage jakar. Ya riƙa ɗaukar kayan ɗaya bayan ɗaya yana murzawa tsakanin yatsu, yana ware su gida biyu. Wanda ya yi kokwanto a kansa sai ya zare silin zare daga bakin ɗinki, ya ƙyasta ashana ya kusanta. Na farko ya ci wuta ya zama toka mai laushi, da ƙauri irin na takarda. Na biyu ya nannaɗe, ya narke, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri.

“Wannan roba ce, 'yata,” in ji shi. “Ko shekara ya yi a rijiya ba zai sha baba ba.”

Kaya goma sha bakwai muka kawo. Takwas kawai ya karɓa. Cikin waɗanda ya mayar mana har da wata atamfa da mai ita ta rantse an sayar mata a matsayin auduga zalla, da yadin wani abokinmu wanda kullum yake kukan yana sa shi gumi kamar an rufe shi a leda. Ashe kusan hakan ne. Zaren foliyesta daga man fetur ake samo shi, dangin robar gorar lemo ne. Ba ya ruɓewa kamar auduga, kuma duk wanki yana zubar da 'yan siraran zaruruwa da ido ba ya gani, su bi kwata su tafi. Muka tsaya muna kallon tsibin da aka ƙi. Mun daɗe muna tsine wa ledar da ta toshe magudanan unguwanninmu, ba mu san muna sanye da 'yar'uwarta ba.

Cikin takwas ɗin da suka tsallake akwai wani farin zane da ya koma ruwan ƙasa, da tabon manja a gefe. Na mahaifiyar ɗaya daga cikinmu ne, Allah Ya jiƙanta. Shekara uku yana ƙasan akwati, ba ta iya ɗaura shi, ba ta kuma iya bayar da shi. A hanya ta ce mana ita ba don anko ta zo ba. Baba ya ɗaga shi ya duba a rana, ya ce saƙar hannu ce, irin wadda ake haɗa ƙwarya-ƙwarya, kuma rabon da a kawo masa irinsa an kwana biyu. Ya tambaye ta ko tana son shuɗi mai haske ko mai duhu, ya kuma gargaɗe ta cewa in ya shiga rijiya ba ya komawa fari har abada. Ta yi shiru har muka fara tunanin za ta fasa. Can ta ce a yi mai duhu.

Bayan an wanke kayan sai muka zauna kallo. Ruwan rijiyar ba shuɗi ba ne yadda muka zata, kore-kore ne mai duhu, da kumfa mai ƙyalli a sama. Baba ya ce zurfin wadda yake aiki a kai ya kai gaba uku, kuma abin da ke ciki ruwa ne da toka da busasshen baba, a bar su su yi makonni suna tsima, ana motsawa da muciya, kafin rijiya ta nuna. Ya tsoma zanen, ya ɗan murza shi a ciki, ya ɗago. Kore ya fito. Muna kallo, cikin ɗan lokaci, ya fara juyewa shuɗi daga inda iska ta fi bugawa. Wadda ke karanta kimiyyar sinadarai a cikinmu ta fara bayanin yadda iskar oksijin ke haɗuwa da launin ta maƙale shi a jikin zare. Baba ya saurare ta har ta gama, ya ce su dai abin da suka gada shi ne rijiya jiƙawa take, iska ce mai rini. Haka ya yi ta yi, tsomawa da ɗagawa, ba gaggawa. Duhun launi ba daga yawan jiƙa yake ba, daga yawan maimaitawa ne.

Abin da ya fi burge mu bai da kyan gani ko kaɗan. A gefe akwai wasu dunƙule-dunƙule masu ruwan toka da aka shanya. Katsi ke nan, laka ce da ake kwashewa daga gindin rijiya in ƙarfinta ya ƙare. Ana busar da ita, a ƙona, a mayar da tokar cikin sabon haɗi. Da ita kuma magabata ke haɗa laso, simintin gargajiya da ake shafe cikin rijiyar da shi don kada ruwa ya tsiyaye. Wato dattin rijiya shi ne ke gina wata rijiyar. A aji an koya mana irin wannan tsari da dogon Turanci da zane a allo, kamar wani sabon abu da aka ƙirƙiro a Turai.

Da rana ta take, Baba ya ce aikin zai kai la'asar, don haka muka taka zuwa kasuwar Ƙofar Wambai, wadda ba ta da nisa. Mun ci sa'a ana fasa dila. Mutane sun yi dafifi, kowa na wawurar na sama-sama, don su ne masu kyau. Muka riƙa duba 'yan takardun da ke wuyan rigunan: Bangladesh, Sin, Biyetnam, Turkiyya. An ɗinka a can, an sa a Turai ko Amurka, an ƙare a Kano. Ɗaya daga cikinmu ya tuna mana benen Rana Plaza da ya rufta a Bangladesh a watan Afrilun 2013, ya hallaka mutum fiye da 1,100, akasarinsu masu ɗinka irin waɗannan riguna masu araha.

Nan wata sabuwar gardama ta tashi. Biyu suka ce sayen gwanjo shi ne daidai, tunda rigar an riga an yi ta, ƙara mata kwana ya fi a ɗinka sabuwa. Sauran suka nuna ragowar dilar, yagaggu da masu tabo da rigunan sanyin da babu mai sa su a zafin Kano, suka ce wannan shara ce wasu suka tattaro mana, mu muka biya kuɗin jirgi, mu kuma za mu ƙona ta a bola mu shaƙi hayaƙin. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Ba mu rabu a kan komai ba, sai dai mai kare gwanjon ya sayi wata rigar auduga, bayan ya faki idon mai kaya ya murza ta kamar yadda ya ga Baba na yi.

A hanyar dawowa muka tsallaka wata kwata da ruwanta ya rine ja-ja da shunayya. Ba daga rijiyoyin baba yake ba, daga masu rinin zamani ne da ke dafa shadda da kemikal a tukwane, su tuttular da ruwan a lungu. Mun ambaci wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka duk abin da aka rina a gida lafiya lau ne. Shi ma rinin baban yana da nasa: yana zuba a wankin farko-farko, ba ya ba da launuka barkatai, kuma sabon yadin da aka ƙulle aka rina da hannu ya fi atamfar roba tsada nesa ba kusa ba. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin mota ba zai cika akwati da shi ba. Sake rina tsohon kaya ne muka ga ya zo daidai ƙarfinmu, don abin da muka biya a kan kowane ɗaya bai kai kuɗin ɗinki kaɗai na sabon anko ba.

Mun tarar an shanya kayanmu. Muna jiran su sha iska Baba ya riƙa ba mu labarin lokacin da Buzaye ke zuwa sayen rawani da turkuɗi, da yadda garin Kura ya yi suna a wannan sana'a har ake cewa ɗan Kura. Abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da ke cikin littattafan tarihi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, kasuwar baba ta fara ja da baya a duniya. Daga baya muka samu namu masaƙun, irin su Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, su ma suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Yau mafi yawan abin da ke cike da shagunan Kantin Kwari daga waje yake zuwa. Muka tambayi Baba ko 'ya'yansa sun koyi rinin. Ya ce ɗaya ya koya, amma adaidaita sahu yake ja, don ta fi kawo na cefane.

Daga can gefe ake jiyo ƙarar mabuga, tim-tim, tim-tim, mutum biyu suna fuskantar juna, suna dukan yadi a kan gungume da manyan guduman itace har ya yi santsi da ƙyalli. Can aka kai zanen ƙawarmu bayan ya bushe. Ta tsaya a kansu kamar mai tsoron kada su ji masa ciwo. Da aka miƙo mata shi a ninke, ya yi duhu kamar sararin sama bayan magariba, tabon manjan sai wanda ya san wurin ne zai gano shi. Ta sunsuna, ta ce ƙamshin akwatin Umma ya tafi. Ba mu san abin da za mu ce mata ba. Ta rungume shi a ƙirji har muka fito titi.

Da daddare muka tura hotunan a zauren ajin, tare da shawarar kowa ya nemo tsohon kayan auduga a kai marina maimakon sabon anko. Mutum goma sha huɗu suka amince. Sauran suka ce ba za su je walima da kwance ba, wata ma ta ce mu bari sai mun tsufa. Shugabar ajin ta ɗaga maganar zuwa mako mai zuwa, amma mun ji an riga an karɓo samfurin yadi daga Kwari.

Kaya taran da Baba ya ƙi suna nan cikin jakar bakko a ɗakin ɗaya daga cikinmu. Mun ware huɗu masu sauran kyau za a ba ƙanne, wata ta ce telan unguwarsu zai iya mayar da biyu jakunkunan littattafai. Ragowar ukun har yanzu muna kallon su. Ƙawarmu kuwa ta ɗaura zanen ranar Juma'a, ta zo lacca da shuɗi-shuɗi a tafin hannunta.