Bahar Maliya: amanar murjani tana wuyan mai jirgi

Alhazanmu da ke tashi daga Yamai zuwa Jidda sun san Bahar Maliya ta tagar jirgin sama: shuɗin ruwa shimfiɗe tsakanin hamada biyu. Abin da ba su gani shi ne dukiyar da ke ƙarƙashinsa, wadda ƙasar Masar ta mayar da ita kasuwa.

Garin Hurgada, a gaɓar yamma, ƙauyen masunta ne a da. Tun daga shekarun 1980 otal-otal suka jeru a bakin ruwa, baƙi daga Jamus da Rasha da Italiya suka yi ta kwararowa. Da sassafe jirage farare kan fita cike da masu nutso, kowa da tulun iska a baya da takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Abin da suka biya kuɗi su gani shi ne tsaunukan murjani, ɗan'uwan wanda matanmu ke ratayawa a wuya. Mai kallo zai ɗauka dutse ne, alhali halitta ce mai rai. Ƙananan dabbobi ne ke gina shi, kuma irin mai dunƙule ba ya ƙaruwa da fiye da wajen santimita ɗaya a shekara. Abin da dunduniya ta fasa cikin ƙiftawar ido, sai an yi shekaru kafin ya koma.

In aka gangara kudu, fiye da kilomita 250, sai Marsa Alam, inda aka buɗe filin jirgin sama a 2001. A mashigin Abu Dabbab da ke kusa, ciyawar ruwa na ciyar da manyan kunkuran teku da wata dabba ƴar'uwar ayun kogin Kwara. Dukansu da huhu suke numfashi, dole su riƙa hawa sama shan iska. Amma sai ka ga an yi musu zobe da na'urorin hoto, wani ya dafa bayan kunkuru, wani ya bi ayu har ya bar kiwonsa. Wani kuma ya tsaya da ƙafa bisa murjani don ya gyara tabaronsa, ko ya ɓalli reshe ya kai gida tsaraba.

Laifin wa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Baƙo kwana bakwai zai yi ya koma, sau da yawa bai san abin da yake takawa ba. Mai kamfanin nutso kuwa ya sani. Shi ya karɓi kuɗi, shi ya zaɓi wurin, shi ya yanke yawan mutanen da zai ɗora wa jagora guda. Jagora kuma yana sa ran tukuici a ƙarshen mako, don haka yakan kau da kai. Fatake sun san wannan tun zamanin ayari: in an yi ɓarna a zango, madugu ake nema.

Akwai shaida. Can arewa, a kan tsinin yankin Sinai, akwai Ras Muhammad, wanda Masar ta keɓe a matsayin gandun ƙasa a 1983. Wani bincike da aka yi a wurin, aka buga a 1997, ya nuna cewa gajeren bayani kafin shiga ruwa ya rage taɓa murjani daga sau 1,4 zuwa sau 0,4 ga kowane mai nutso cikin minti 7. Maganar ƴan mintoci ce a bisa jirgi, ba ta cin ko dala.

Sakaci kuwa yana da farashi. A Sharm el-Shek, maƙwabcin gandun, kifin nan mai cin nama da Faransawa ke kira rekin ya raunata baƙi 4 a ƙarshen 2010, sannan ya kashe wata Bajamusa ranar 5 ga Disamba. Cikin dalilan da masana suka ambata akwai ciyar da waɗannan kifaye da hannu don burge baƙi, da gawarwakin tumaki da aka zubar daga jirgin ruwa. Aka rufe bakin teku, otal-otal suka ji a aljihunsu.

Wasu masu sana'ar sun farga tun da wuri. A 1992 suka kafa ƙungiyar HEPCA a Hurgada, wadda ta kafa maɗaurai fiye da 1000 cikin teku don jirage su daina jefa ƙarfen tsayawa bisa murjani. Amma darasi mafi girma yana Samadai, wani tsaunin murjani mai siffar kofaton doki daura da Marsa Alam. Nan dabbobin da ake kira dolfin ke zuwa barci da rana bayan farautar dare. Jirage suka yi musu yawa, ɗaruruwan mutane na faɗawa cikinsu kullum, har hukuma ta rufe wurin a ƙarshen 2003. Da aka sake buɗewa a 2004, an raba shi uku: ɓangaren dabbobin kaɗai, na masu iyo sanye da rigar ceto, da na jirage da masu nutso. Aka kayyade jirage 10 da mutum 200 a rana, aka sa kuɗin shiga da masu tsaro. Dabbobin suka sami barcinsu, ciniki bai mutu ba.

Ɗan kasuwa zai gane lissafin: murjani shi ne uwar kuɗi, baƙi su ne riba, kuma wanda ya ci uwar kuɗi ya rufe shago. Ma'aikacin gwamnati shi ma zai gane nasa: Masar tana da dokar gandaye tun 1983 da ta muhalli tun 1994, amma a Samadai sai da aka ƙirga jirage aka sa mai tsaro kafin takarda ta yi aiki. Baƙon da ya taɓa kunkuru zai hau jirgi ya tafi ƙasarsu. Wanda ya kawo shi yana nan, da sunansa da takardar izininsa, kuma shi ya kamata a tambaya.