Leɓen Taya Da Lakar Damina

Duk wanda ya taɓa bin hanyar daji da mota a watan Agusta ya san irin murnar da ake yi in an fita daga laka. Direba ya share gumi, yaron mota ya tattara shebur da katako, fasinja su yi wa juna barka. Amma mu da muka sha bin irin waɗannan hanyoyi, zuwa hutu da komowa, mun lura da wani abu. Sau da yawa ba a cikin lakar mota ke kwana ba, sai an yi mil goma ko ashirin gaba, ko kuwa a wayi gari a tarar ƙafa ɗaya ta zauna ƙasa. A kai wa mai faci ya dudduba, babu ƙusa, babu ƙaya, babu tsaga. To, ta ina iska ta fita?

Wannan ita ce tambayar da muke so mu warware muku, ku 'yan makaranta, gama a cikinku akwai waɗanda za su zama direbobi da makanikai, akwai kuma malaman asibiti da na gona, waɗanda za a danƙa wa mota a ce su shiga ƙauyuka. Motar da ta sace a daji ba a san abin da ta ɗauko ba. Watakila mace ce mai naƙuda, watakila allurar rigakafi ce wadda ba ta jimre zafi.

Bari mu fara da asali. A shekarar 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, a birnin Belfast, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska. Daga nan aka daɗe ana tsare iska cikin tiyub, watau robar ciki, taya kuwa riga ce kawai a kansa. A 1947 kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ya bayyana taya maras tiyub, kafin shekara goma kuwa ta zama ita ce ta yau da kullum a sababbin motocin ƙasar. Yau galibin motocin shiga daji da irinta suke tafiya.

Ga abin da ya kamata ku riƙe. A gefen taya na ciki, dama da hagun, akwai wani kauri mai tauri wanda aka naɗe wayoyin ƙarfe a cikinsa. Shi muke kira leɓen taya. Wannan leɓe shi ke zama a kan ƙarfen wili, wanda makanikai ke kira rim. Ba a ɗaure shi da noti ba, ba a kuwa manna shi da danƙo ba. Iskar da ke ciki ita ke tura shi ta matse shi jikin bakin rim, matsewar nan kuma ita ke hana iskar fita. Ashe iska ce ke tsaron ƙofar kurkukunta da kanta. In ta yi ƙarfi ƙofa ta rufu gam, in ta yi rauni ƙofa ta yi sako-sako.

A aji mukan gwada wa yara wannan da kwalba. Mu cika ta da ruwa, mu toshe, mu kife, ko ɗigo ba ya fita. Sa'an nan mu sa tsinken tsintsiya guda tsakanin marfi da bakin kwalba, mu sake toshewa da ƙarfi, mu kife. Nan da nan sai ruwa ya soma tsattsafowa ta gefen tsinken. Marfi lafiya lau, kwalba lafiya lau, amma tsinke ya yi wa ruwa hanya. Haka ƙwayar yashi take yi in ta shiga tsakanin leɓen taya da rim.

To, me ke kai ta can? Wani abin kirki ne da direbobi ke yi, watau rage iska kafin a shiga laka. Ku ɗauki allo mu yi lissafi. A ce kowace ƙafa tana ɗauke da nauyin laba 1,200, geji kuma ya nuna 30, watau laba 30 a kan kowane inci murabba'i. Ku raba 1,200 da 30, ku sami 40. Wajen inci murabba'i 40 ke nan na taya ke taɓa ƙasa. In an rage iska zuwa 20, sai ya zama wajen 60. Ƙafa ta ƙara faɗi ke nan, kamar ta raƙumi a rairayi, mota ba ta nutsewa da sauri. Dabara ce mai kyau, amma kun ga ƙarfin da ke matse leɓe ya ragu da sulusi. In aka sauko ƙasa da 15 a kan rim na yau da kullum, leɓen na iya zamewa gaba ɗaya, iska ta fice fuu a lokaci guda.

A cikin wannan hali sai gefen taya ya gogi bangon kwarin da manyan motoci suka haƙa, ko ya daki kututture a ƙarƙashin ruwa, ko direba ya murɗa sitiyari da ƙarfi yana ba da wuta. Leɓe ya ɗan ɗaga kamar ƙiftawar ido, laka ta kutsa, leɓe ya koma ya rufe a kanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin lakar tana da danshi takan toshe hanyar da kanta, shi ya sa ba a gane kome a wurin. Amma in ta bushe sai ta tsattsage, ta bar yashi da ƙananan kafofi, iska ta dinga zurarewa a hankali. Wanda ya san firgi, baƙar lakar nan ta wajen Dikwa da Ngala a Barno, inda ake shuka masakwa, ya san yadda take danƙo da damina, da rani kuma ta dare har hannu ya shiga. Abin da take yi a fili shi take yi a bakin rim. In kuma ta daɗe a wurin sai ta jawo tsatsa, ƙarfe ya yi kaushi, ko sabuwar taya aka sa ba za ta zauna daidai ba.

Tun da mun san cutar, maganinta ba wuya. Tsayawa biyu ce, ɗaya kafin laka, ɗaya bayanta.

Kafin a shiga, direba ya sauka ya taka wurin da ƙafa ko ya auna da sanda. Ya rage iska da geji a hannu, ba da ido ba, ya tsaya wajen 20, in kuwa kaya sun yi nauyi kada ma ya kai nan. Ya tabbata kowane bawul yana da hularsa, gama laka na shiga ta nan ma. A ciki kuwa ya sa giyar ƙarfi, ya tafi sannu ba tsayawa, sitiyari a miƙe gwargwadon hali. In ƙafa ta soma juyawa a wuri ɗaya ya ɗaga ƙafarsa daga totur, gama ƙarin wuta rami yake haƙawa, yana kuma cusa laka inda ba a so. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan an fita, kada a ce sai an isa gari. A tsaya a wanke bakin rim ciki da waje tun lakar tana ɗanya, a mai da iska yadda take kafin a hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska in ta yi gudu zafi take yi har ta lalace daga ciki. In an sauka masauki a kaɗa ruwan sabulu a zuba kewaye da leɓe. Inda kumfa ke tsirowa, nan ɓarawon yake. Ƙara iska ba ya korarsa. Sai mai faci ya sace tayar, ya ɓamɓare leɓen, ya goge rim da buroshin waya har ya yi sumul, ya wanke leɓen, ya shafa ruwan sabulu, sa'an nan ya mayar. In rim ya lanƙwashe a gyara shi ko a sake wani.

Akwai abu uku da muke roƙonku ku hana in kun gani. Na ɗaya, shafa giris ko baƙin mai a leɓe, gama mai yana cin roba, yana kuma sa taya ta zame a kan rim. Na biyu, dannawa taya iska fiye da 40 don leɓe ya hau. In bai hau ba a sace a sake gyara zamansa, kada kuwa kowa ya sunkuya a kanta ana bugawa. Na uku, zuba fetur cikin taya a ƙyasta ashana don ta hau da ƙarfin wuta. Wannan wasa da rai ne.

Masu sana'ar ratsa laka suna da wani irin rim mai zobe, wanda ake damƙe leɓe da notuna kewaye, har a rage iska ƙwarai ba ya zamewa. Amma yana da tsada da nauyi, notunansa kuma kullum sai an bi su da sifana. Wasu kuwa sukan sa tiyub, shi ma in yashi ya shiga yakan goge shi har ya huda. Saboda haka babu ƙarfen da zai ɗauke wa mutum wanki da awo.

Geji, da famfo, da buroshi, da guntun sabulu, duka ba su cika jakar makaranta ba, ba su kuwa kai kuɗin taya guda ba. In an ba ku mota wata rana, ku tambayi direba ko suna ciki tun ba a tashi ba, in ya tsaya wanke ƙafafu kuma kada ku ƙosa ku ce yana ɓata muku lokaci. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya, amin.