Tsohon Babur a Zaure, Cikin Hunturun Sakkwato

A Sakkwato ba kowane wata ne mutum ke iya zama da ƙarfe ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, sifanar da ka manta a rana ba ta ɗaukuwa da hannu, zufa kuma tana ɗiga cikin duk abin da ka buɗe. Damina ta faɗi, hankali ya koma gona, ko da mutum ya daina riƙe fartanya da kansa. Abin da ya rage shi ne hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da tsoho zai iya wuni a kan tabarma yana kwance noti ba tare da ya galabaita ba. Shi ya sa bana, da iska ta juya, na sa yara suka turo babur ɗina daga ɗakin shirgi zuwa zaure.

Ƙirar Honda ne, CD 175, mai fistan biyu da giya huɗu. Na saye shi a 1975 da kuɗin ƙarin albashi na Udoji, sa'ad da Sakkwato take hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma, shekara guda kafin a raba jihar. Wanda bai ga wannan shekara ba zai yi wuya ya gane yadda babura suka cika gari a ɗan lokaci. Malaman makaranta, malaman gona, akawuna, malaman asibiti, kowa da abin da ya zaɓa: wani Vespa, wani Suzuki, wani Yamaha. Babur a lokacin abin mutunci ne, ana goge shi kowace safiya, ranar Juma'a a hau shi da babbar riga zuwa masallaci. Sai daga baya, bayan tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, ya koma abin neman abinci, kabu-kabu ta yi yawa. Daga nan Jincheng ya shigo daga China, Bajaj ya biyo daga Indiya, irin namu suka koma bayan ɗaki. Nawa ya yi shekaru a jingine tun da na samu 'yar mota. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ne ya sa motar ma ta fi zama a gida, na fara waiwayen abin da na ajiye.

Jikana da ya gan ni zaune gabansa da gwangwanaye, sai ya ce, "Tsoho, mi za ka yi da wanga ƙarhe? Ka sai da ma 'yan gwangwan ka huta." Na ce masa ya zauna ya riƙe min fitila, in ya gaji ya tashi. Bai tashi ba.

Babur da ya daɗe a ajiye, abu na farko shi ne kada a buga masa kik. Kowa hannunsa da ƙafarsa na ƙaiƙayi ya ji ko zai tashi, amma cikin silinda ya bushe, wataƙila zoben fistan ya kama. Ana cire fulogi, a ɗiga bakin mai kaɗan a ramin, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin a hankali da hannu. In ya juya lafiya, ka gode wa Allah, don rabin fargaba ta wuce. Tanki kuwa kusan kullum akwai tsatsa. Muka zuba kananzir da tsofaffin notuna a ciki, yara suka yi ta girgizawa suna dariya, abin da ya fito ja wur. Fetur da ya tsufa yana zama danƙo, kuma a kafireta yake taruwa, ya toshe ƴan ƙananan ramukan da mai ke bi. Waɗannan ramuka ba a tsokane su da allura. Allura tana faɗaɗa su, babur ya koma shan mai har ƙarshen rayuwarsa. Jiƙawa ake yi, a busa, in ta kama a bi da silin wayar jan ƙarfe mai laushi.

Sai dai hunturun da ya ba ka sanyin aiki shi ne kuma ya zo da abokin gaba. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara ta fi garin tuwo laushi, ba ƙofar da ke hana ta shiga. In ta haɗu da mai a cikin inji, aikin dutsen wasa wuƙa take yi, tana cin ƙarfe a hankali ba tare da ka ji ba. Don haka kafin in buɗe komai sai an yayyafa ruwa a daɓen zaure, an saki labule a ƙofa. Duk abin da aka wanke, a nannaɗe shi da tsumma mai tsabta, duk ramin da aka buɗe a toshe shi kafin a tashi salla. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango ƙarshen layi, ba na taɓa cikin inji. In koma kan waya, ko goge ƙafafu, ko kankare tsohon fenti.

A cikin shekarun da na yi ina kallon babura suna mutuwa a garin nan, kaɗan ne tsufa ya kashe. Yawanci ƙananan abubuwa masu araha ne da mai babur ya raina: bakin mai da ba a canza ba har ya zama baƙi ƙirin, ko wanda aka saya a kwalba bakin titi ba a san asalinsa ba, fetur ɗin 'yan bumburutu da ruwa a ƙasansa, matatar iska da ta yage aka cire aka jefar, wai babur ya fi gudu haka. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni haushi. Mutum yana zaune a bakin hamada, ya buɗe wa ƙura hanya kai tsaye zuwa cikin silinda, bayan wata shida ya zo yana cewa kayan yanzu ba su da ƙarko. CD 175 ya zo da murfi da ya rufe sarƙa gaba ɗaya. Samari sukan cire irin wannan murfi saboda ado, tare da madubai, sai sarƙar da za ta yi shekaru ta ci kanta da haƙoranta a rani ɗaya.

Akwai wani wuri a injin nan da makanikai da yawa na yanzu ba su san da shi ba. Ba shi da matatar mai ta takarda. Wani ɗan kofi ne a gefen dama yake juyawa tare da inji, yana wurga dattin mai zuwa bangonsa, dattin ya manne a can. In ba a buɗe an kankare ba, ya cika, ya daina aiki, kai kuwa kana ta canza mai kana ganin ka cika ladanka. Sukurorin murfin kofin nan ma suna da nasu hali: na Japan ne, sukudireba na kasuwa ba ya zama daidai a kansu, da ka matsa sai kan ya cinye. Sai da irin wanda ake bugawa da guduma. Wani ƙarfen kwance noti da na rasa ko'ina, zane na yi a takarda na kai Maƙera Assada aka ƙera min.

Saita bawul ana yin sa ne inji na da sanyi sarai, don ƙarfe yana buɗewa in ya ɗumama. A nan safiyar hunturu ba ta da na biyu. Tazarar ba ta wuce milimita 0.05 ba, abin da ido ba ya aunawa sai da ma'auni. Da can muna da masu saitawa da kunne, kuma suna dacewa sau da yawa, amma ni na fi yarda da ma'auni. Wutarsa kuma bolt 6 ce, ba 12 irin ta baburan yau ba, saboda haka batir da ƙwan fitila sai an yi cigiya. Kowace mahaɗar waya sai an kankare ta ta yi haske, domin wuta mai rauni ba ta haƙuri da tsatsa.

Neman kaya shi ne ya fi cin lokaci. Honda ta kafa kamfaninta na Najeriya a 1979 da masana'anta a Ota, kuma akwai zamanin da kayan asali ba su da wuyar samu a shagunan 'yan Nnewi da ke garin nan. Yanzu kwali ɗaya, suna ɗaya, amma abin ciki iri uku ne, farashi uku. Mai shago na kirki zai gaya maka gaskiya in ka tambaye shi a natse, ba a gaban jama'a ba. Sau da yawa tsohon ƙarfe na asali da aka ciro daga mataccen babur ya fi sabo na jabu. Amma ban yarda da wannan a kan roba ba. Taya, tiyo, takalmin birki, wayar birki da ta kuloci, duk sababbi na sa. Taya tana iya zama da zanenta cif, amma zafin Sakkwato ya riga ya busar da ita, gefenta duk tsaga. Da tsohuwar zuma ake magani, ban da tsohuwar taya. Sirdin kuwa wani baduku a cikin gari ya rufe min shi da jar fatar akuya, ya fi yadda ya zo daga kamfani kyau.

Ba komai ake yi a gida ba. Silinda ta ɗan ci, na kai wa masu injin gyaran ta, don wannan aiki ne na na'ura, ba na haƙuri ba. Kuma ba na cikin tsofaffin da ke zagin makanikan yanzu wai canji kawai suka iya. Ɗan kabu-kabu da zai kai wa mai babur balas da yamma ba zai iya jiran a jiƙa kafireta ta kwana ba. A cire a sa sabuwa ya koma titi, shi ne daidai gare shi. Gyara irin nawa na wanda ba a bin sa bashin yini ne. Yaran ma suna da abin koyarwa. Mu da can jera kaya muke yi a tabarma bi da bi, muna dogara da tunani. Jikana kafin a kwance komai sai ya ɗauki hoto da waya, kuma ranar haɗa wayoyin fitila hoton nan ne ya raba mu gardama.

Hannu yana shan wuya. Kananzir da iskar hunturu in suka haɗu, fata sai ta tsattsage, alwalar asuba ta zama jarrabawa. Man kaɗe da dare yana taimakawa.

Babur ɗin ya tashi wata safiya bayan an ja cok an buga kik kaɗan, ya yi hayaƙin man da muka ɗiga masa, sannan ya daidaita. Maƙwabcina, wanda shi ma ya hau irinsa a zamaninsa, ya leƙo da carbi a hannu ya ce, "Alhaji, wagga murya na san ta." Sabon zobe yana son tafiya a hankali, don haka ban wuce zagayen Runjin Sambo zuwa Gidan Igwai ba tukuna, kuma zan zubar da man farko da wuri in sa wani kafin in gwada hanyar Kware. Agogon gudu bai motsa ba har yanzu, ina zargin wayarsa. Takardu ma sun mutu tuntuni, lambar da ke jikinsa irin wadda aka daina amfani da ita ce, sai na je ofishin lasisi. Jikana ya riga ya fara tambayar ranar da za a ba shi makulli. Na ce sai ya kawo lasisinsa da hular kwano, ya kuma saita bawul shi kaɗai ina kallo.