ZARE: Yadda na zaɓi masu kai wa Umma cefane har gida

1/ Jama'a, kusan kullum sai an tambaye ni ta DM wa ke kai wa Ummana cefane a Kano alhali ina Abuja. Ba zan kama sunan kowa ba, don babu wanda ya biya ni kuɗin talla. Amma zan faɗa muku yadda na tantance, ku ma ku auna naku. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Ni ce babba a gidanmu. Tun rasuwar Abba cefane ya dawo wuyana. Umma na fama da ciwon gwiwa da ciwon suga, ƙannena biyu suna jami'a, auta kuma bai isa a aike shi kasuwa ba. Da kuɗi nake turawa, ta lallaɓa ta hau Adaidaita Sahu, ta dawo ta kwana biyu ƙafa a kumbure.

3/ Sai ga 2023. Farkon shekarar aka shiga wahalar canjin kuɗi, tsaba ta ɓace, Umma kuma ba ta iya transfa ba. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da N200 ta haura N500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce N1,000. Kuɗin mota ya fara cin kuɗin miya.

4/ Wanda ya san Kano ya san cefane mai sauƙi ba a wuri ɗaya yake ba. Kayan miya Yankaba, hatsi Dawanau, sukari da taliya da man girki Singa, 'ya'yan itace 'Yan Lemo. Gabas da arewa da kudu kenan. Duk wanda zai haɗo maka waɗannan ya dire a ƙofar gida, wallahi ya ci kuɗinsa da halak.

5/ Iri uku na tarar. Akwai masu manhaja, ka danna ka biya. Akwai masu shafin Instagram da hotuna kamar ka ci wayar. Akwai kuma matan da ke karɓar oda ta WhatsApp, su shiga kasuwa da kansu da sassafe. Kowa na cewa shi ne mai arha, mai sauri, mai amana.

6/ Abin da na gano shi ne: in ka yi odar cefane, idon wani da hannun wani ka ɗauka haya. Wani zai tsaya gaban kwandon tumatir a madadinka ya ce wannan ya yi, wancan bai yi ba. Manhaja ba ta latsa tumatir, ba ta sansana manja. Don haka mutumin nake bincike kafin komai.

7/ Na rubuta ƙaramin jeri ɗaya na ba su duka ukun, mako bayan mako: wake kwano biyu, acca kwano ɗaya, tumatir, attaruhu, tattasai, albasa, kwalbar manja, nama kilo ɗaya, ƙwai kiret ɗaya. Da gangan na zaɓa. Wake na gwada awo, tumatir na gwada ido, nama na gwada gaskiya, ƙwai na gwada ɗan aike.

8/ Mu fara da awo, don nan ake yanka mutane ba jini. Kwanon Kano ya fi mudun da muke awo da shi a Abuja girma, kuma ko a Kanon ba kowane kwano ne kwano ba. Akwai wanda aka buga gindinsa ya shige ciki. Akwai mai cikawa ya yi tozo, akwai mai share saman da hannu.

9/ Umma na da kwanonta tun kafin a haife ni. Duk abin da aka kawo sai ta juye ta sake aunawa. A cikin ukun nan, ɗaya ne kawai wakensa ya cika kwano biyu. Tun daga nan tambayata ta farko ga kowa: da me kuke awo? In an ce kilo, sai in ce a turo min hoton kayan a kan sikeli.

10/ Masu manhaja sun zo a kan lokaci, da rasit, kaya a ɗaure tsaf. Amma acca ta ƙare musu, sai suka sako kuskus ba tare da sun kira kowa ba. Umma saboda sugarta take cin acca. A wurinsu dai kuɗi ya yi daidai da kuɗi. A wurina kuwa lafiyar uwata ce aka taɓa.

11/ Saboda haka tambaya ta biyu: in abu ya ƙare, me kuke yi? Amsar da nake so ita ce "za mu kira ki". Duk mai canza maka kaya da kansa, wata rana zai canza abin da likita ya hana. Masu tsofaffi a gida, masu hawan jini, masu jarirai, ku riƙe wannan da kyau.

12/ Ta Instagram ta fi kowa arha a rubuce. Sai da na tura kuɗi sannan aka ce saura kuɗin kawowa, saura kuɗin leda da kwali. Sunan da ke kan asusun bankin daban, sunan shafin daban. Kayan da aka ce azahar sai bayan magariba suka iso, naman ya fara canza kala.

13/ Ta WhatsApp ɗin ta fi su tsada kaɗan, amma tun farko ta faɗi la'adarta a fili. Tana isa Yankaba ta kira Umma ta bidiyo: "Hajiya, tumatir yau ya yi tsada kuma duk ruwa ne. In kin yarda in rage shi in haɗa miki da kauɗa." Umma ta ce, "Yi hakan, 'yata, Allah ya yi miki albarka."

14/ Kuma gaskiya ta faɗa. Tumatir na arha ne da rani, lokacin da na noman Kadawa da Kura da Garun Malam ke shigowa. Da damina ta kama sai ya yi ƙaranci, farashi ya tashi, mai kyau ya yi wuya. Wanda ya san kasuwa zai gaya maka. Wanda cinikin kawai yake so zai turo maka ruɓaɓɓe a ƙasan leda.

15/ Har gyara ta karɓo mata, 'yar albasa da ɗan lawashi. Ku 'yan danne-danne ba za ku gane ba, amma a wurin iyayenmu cefanen da babu gyara kamar gaisuwa ce babu "ya gida". Umma ta fi minti biyar tana ba ni labarin lawashin nan a waya.

16/ Kada a ce na kushe manhaja. Ga kayan da ke rufe daga kamfani, taliya, madara, sukari, sabulu, man girki na galan, sun fi kowa: farashi a rubuce, rasit a hannu, babu wani zaɓe. Sai dai a duba ranar lalacewa. Shi ya sa na raba: kayan kwali ta manhaja sau ɗaya a wata, ɗanyen kaya wurin matar nan duk sati.

17/ Batun kuɗi. Kada ka kalli farashin kaya shi kaɗai. Tambayi jimilla: nawa zan biya gaba ɗaya har ƙofar gida? Misali, kayan N20,000 da kuɗin kawowa N3,000 sun fi kayan N21,500 da kawowa N1,000 tsada. Sannan ka tara oda ta yi yawa, don kuɗin ɗan aike ɗaya ne ko leda ɗaya ko biyar.

18/ A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ya haura kashi 40 cikin 100, bisa alƙaluman NBS. Ma'ana farashin da ka gani a shafi yana iya zama na makon jiya. To a yi magana tun wuri: in kaya ya tashi wa zai yi ciko, in ya sauka ina canjina? Mai dawo da canjin N300 ba zai ci N30,000 ɗinka ba.

19/ Wajen biya: sunan asusu ya dace da sunan kasuwanci. In sun ce suna da rajista, shafin CAC a buɗe yake, ka rubuta sunan ka gani. Odar farko ta zama ƙarama, in da hali a biya bayan kaya sun iso. Wanda ya ce sai ka biya na wata uku kafin ka ga ko albasa ɗaya, ka yi masa fatan alheri ka wuce.

20/ Kuma kada ka jibge kuɗi a cikin manhaja don an ce akwai rangwame. A Disamba 2023 Jumia Food da Bolt Food duka suka daina aiki a Najeriya. Ban ce sun riƙe kuɗin kowa ba. Ina nuna muku ne cewa ko manyan kamfanoni kan tattara su rufe, balle shafin da aka buɗe watan jiya.

21/ Sai ɗan aike. Gidajenmu da kwatance ake zuwa: bayan masallacin Juma'a, layin mai shayi, gida na uku mai baƙin ƙyaure. Wanda ka ba wannan kwatancen ya san gidan, ya san tsohuwa ce a ciki ita kaɗai da rana. Ni sharaɗina a turo min sunansa da lambarsa tukuna, ya yi sallama ya tsaya a zaure, kuma kada a riƙa canza min fuska kullum.

22/ Lokaci ma sharaɗi ne. Zafin Kano a Afrilu da Mayu na wuce digiri 40, wuta kuma kun san halinta. Nama ko kifin da ya yini a bayan babur ya gama yawo. Ɗanyen kaya kafin azahar nake so, in ba zai yiwu ba a bari sai gobe.

23/ Babban gwajin kuwa shi ne ranar da aka samu matsala, don dole wata rana a samu. Akwai satin da ƙwai huɗu suka fashe a hanya. Na tura wa matar hoto. Ba ta ce laifin ɗan aike ba ne, ba ta ce laifin titi ba ne. Ta ce, "Ki yi haƙuri Anti, gobe za a kai." Aka kai. Akwai hukumar FCCPC ta kare haƙƙin masu saye, amma wa zai kai ƙarar ƙwai huɗu? Halin mai sayarwa ne kariyarka.

24/ Abu ɗaya da waya ba ta kawowa: kasuwar kanta. Umma ta yi kewar masu kayan miyan da suka san ta shekara da shekaru, da gaisuwa, da ciniki. Yanzu sau ɗaya a wata ƙanena kan raka ta, ba ta ɗaukar komai, ta sha hira ta dawo. Mai shagon layinmu ma ban yanke shi ba, don ranar da albashi ya makara shi ke ba da bashi.

25/ A taƙaice, kafin ka tura ko sisi, tambayi biyar: Da me kuke awo? In abu ya ƙare me kuke yi? Nawa ne jimilla har gida? Wa zai kawo, ƙarfe nawa? In kaya ya lalace wa ke biya? Wanda ya ji haushin tambayoyin nan ya riga ya ba ka amsa.

26/ 'Yan Kaduna, Zariya, Katsina, Sakkwato da Jos, ya abin yake a wajenku? Ku ba mu labari a ƙasa. Masu sayarwa kuma don Allah kada ku cika min zare da lambar waya, ku amsa tambayoyi biyar ɗin nan tukuna. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya hore mana abin yi musu hidima.