Rage Rediyo, Ka Ji Birki



Da yawa a cikinku sun fara riƙe sitiyari. Wani motar babansa ake ba shi ya kai ƙannensa makaranta, wata ta tara albashi ta sayi 'yar Kwatano, wasu kuma su ke jan motar ikkilisiya idan ƙungiyar mawaƙa za ta je biki ko zumunta za ta fita ƙauye. Shi ya sa yau za mu yi magana a kan abu biyu da kowane direba ke taɓawa kafin ya bar ƙofar gida, wato maɓallin rediyo da fedar birki. Na farko gyaransa minti biyar ne, ba a kashe ko kwabo. Na biyu kuwa rai ne. Mun haɗa su wuri ɗaya domin mota tana gaya wa mai ita halin da take ciki ta kunne da kuma ta tafin ƙafa, kuma wanda ya cika kunnensa da kiɗa yakan rasa gargaɗin farko.

Mu fara da mai sauƙin. Kowa ya san yadda abin ke faruwa. Jiya da yamma an taso daga nesa, gilashi a buɗe, an ƙure waƙar yabo saboda iska da rugugin hanya. Da asuba a murɗa makulli, sai lasifika ta ɓarke da ƙara, jaririn da ke hannun Mama ya firgita, maƙwabci ya farka. Dalilin shi ne yawancin rediyon mota yakan tuna inda aka bar shi, daga nan kuma yake tashi.

Wasu kamfanoni sun sa maganin a cikin na'urar, mutane ne dai ba sa dubawa. A motocin Volkswagen, Opel da Chevrolet da dama, idan kun shiga wurin saita sauti za ku sami inda ake sa iyakar ƙarar da rediyo zai tashi da ita. A wasu tsofaffin rediyoyi an rubuta shi ON VOL. Ku sa shi ƙasa, daidai yadda za ku iya jin maganar wanda ke kujerar baya. Daga ranar, ko a ƙure aka kashe shi jiya, ba zai wuce wannan iyaka ba idan an tayar da mota. Ku yi wannan mota tana tsaye, ba a kan titi ba.

Akwai kuma saitin da ke ɗaga murya da kansa idan mota ta ƙara gudu, ya sauke ta idan an rage. Toyota na kiransa ASL, Honda SVC, Volkswagen kuma GALA. Idan yana aiki, ba sai kun ƙure rediyo a babbar hanya ba, balle ku manta shi a can sama. Wani abin da ke jawo firgita shi ne waya. Idan muryar wayar tana ƙasa, mutum yakan ɗaga ta motar sosai kafin ya ji waƙa ta Bluetooth, yana komawa tashar FM kuma sai ƙara ta dake shi. Ku ɗaga ta wayar kusan ƙarshe, ku bar ta motar a ƙasa.

Idan kuwa rediyon da aka sanya daga baya ne, kuma kullum yana manta tashoshi da duk abin da kuka saita, ku kai wa mai wayar mota. Irin waɗannan rediyoyi suna da waya ruwan ɗorawa wadda ya kamata ta sami wutar batir dare da rana don ta riƙe abin da aka saita, da kuma ja wadda ke samun wuta sai an murɗa makulli. Sau da yawa musanya su aka yi wajen haɗawa. Wanda rediyonsa ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, saura masa ɗabi'a: hannu ya bi ta kan maɓallin murya kafin ya kai ga makulli.

Wani zai ce, Baba Fasto, duk wannan don kada jariri ya farka? Akwai abin da ya fi haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babban mutum zai iya ɗaukar ƙara mai desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da lahani ba, kuma da ƙarar ta hau, lokacin sai ya ragu ƙwarai. Sannan mintin farko bayan an tayar da mota shi ne lokacin da take magana. A jikin takalman birki na motoci da yawa, waɗanda kanikawa ke kira fad, akwai wani ɗan siririn ƙarfe da aka sa da gangan. Idan fad ya cinye ya rage kamar milimita 2 ko 3, ƙarfen sai ya fara gogar faifai yana tsuwa. Ba lalacewa ba ce, kira ne. Direban da kiɗa ya cika masa kunne zai yi makonni bai ji ba, har tsuwa ta koma gurnani, ƙarfe na cin ƙarfe.

Wannan ya kawo mu ga birki. Motar da muke hawa a gidanmu ta hannu ce. Tun a gwajin farko muka ji fedar tana nutsewa kamar an taka katifa, sai an taka sau biyu take kamawa sosai. Wanda ya sayar mana ya ce haka take tun da ya san ta. Ba mu ɗauki yara a ciki ba sai da muka kai ta gareji. Bakaniken, wani dattijo marar yawan magana, ya buɗe ɗan kofin man birki ya tsoma farar takarda. Man da ya kamata ya zama garau kamar man gyaɗa ya fito baƙi kamar shayin da ya kwana.

Ya ce, "Baba Fasto, wannan man ya girme wa ɗan autanku. Shiga ka zauna, yau kai ne yarona."

Muka zauna a kujerar direba, shi kuma ya shiga ƙarƙashi da sifana da siririn tiyo da kwalba. Yana cewa taka, riƙe, saki, muna bi. Duk sa'ad da ya kwance ɗan notin da ke bayan taya, baƙin mai sai ya fito da kumfar iska. Yaronsa na tsaye yana ƙara sabon mai don kada kofin ya bushe iska ta sake shiga. Haka muka zaga taya huɗu. Daga nan ya matso da takalman birkin baya kusa da gangarsu, ya wanke ƙarafan da kalifa ke zamewa a kai, ya shafa musu giris ɗin da ya dace. Da muka fita gwaji, fedar ta tsaya daram tun ba ta yi nisa ba. Abin da muka biya bai kai kuɗin cika tanki ba.

Ga abin da ya faru a ciki. Idan ka taka feda, tana tura mai daga masta ya bi bututu zuwa kowace taya, can ya matse fad a jikin faifai. Ruwa ba ya matsuwa, don haka ƙarfin ƙafarka yana isa gaba ɗaya. Iska kuwa tana matsuwa. Idan ta shiga bututu, ƙafarka sai ta gama danne iskar kafin birki ya fara aiki. Wannan ne laushin da muka ji.

Shi man birkin ma yana da hali: yana shan danshi daga iska a hankali. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha ruwa, awonsa yakan sauko zuwa 140. DOT 4 kuma daga 230 zuwa 155. Idan mai ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa ɗan'uwan iska ne, feda sai ta tafi ƙasa ba abin da ta kama. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a canja shi duk shekara biyu ko uku, ko da bai ragu ba. Irin man da motarku ke so yana rubuce a murfin kofin. Kada a zuba DOT 5 a motar da ke shan DOT 3 ko 4, domin ba sa haɗuwa. Kuma a saya a rufe, a buɗe a gabanku.

Ƙafa tana da yarenta, ku koye shi. Feda mai laushi, iska ce ko tsohon mai ko tiyon da ya fara kumbura. Fedar da ke sulalewa ƙasa a hankali alhali kun danne ta a wurin tsayawa, masta ce ko wani wuri na yoyo, kuma irin wannan mota ba ta kwana a titi. Feda mai tauri kamar dutse, a duba busta, wato baƙin tulun nan da ke bayan masta, wanda zuƙar injin ke ba shi ƙarfin taimaka wa ƙafa. Gwajinsa ba wuya: injin a kashe, ku taka sau huɗu ko biyar har ta yi tauri, ku riƙe, ku tayar da mota. Idan fedar ta ɗan sauka, busta lafiya. Idan sitiyari yana rawa sa'ad da kuka taka birki a guje, faifai ne ya daina zama daidai. Idan mota tana ja gefe ɗaya, kalifa ce ta kama. Amma bugun da ake ji a ƙafa idan an taka birkin gaggawa a mota mai ABS, wannan aikinta take yi. Kada ku ɗaga ƙafa.

Duk wanda ya taɓa sauko Hawan Kibo daga Jos zuwa Akwanga ya san inda waɗannan abubuwa ke nuna kansu. Doguwar gangara ita ce ke dafa man birki. Ku sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar, ku riƙa taka birki kuna saki don ya sha iska. Tun da fetur ya yi tsada a 2023, wasu sun ɗauki halin sa mota a firi ko ma kashe injin a gangara don tattali. Wanda ya kashe injin ya kashe busta, bayan taku biyu ko uku fedar za ta zama dutse. Ku tuna, mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata yakan ninka huɗu.

Akwai gyaran da ba za mu yarda da shi a motar da ke ɗaukar 'ya'yan mutane ba. Kada a toshe bututun tayar da ke yoyo a ce sauran ukun sun isa. Kada a zuba ruwan sabulu a madadin man birki. Kada a yi ta ƙara mai kowane mako ba a tambayi inda yake tafiya ba. Idan an sa sabon fad, a taka feda har ta yi tauri kafin a motsa, sannan a bi shi a hankali kwanakin farko har ya zauna. Araha ba ta ado, a birki kuwa ba ta rai.

Mu mutane ne da ba ma tashi tafiya sai mun sunkuyar da kai mun roƙi kiyayewa, kuma ba za mu daina ba. Amma a Maimaitawar Shari'a 22:8 an dora wa mai gina gida alhakin kewaye rufinsa don kada wani ya faɗo, ba a jira sai an faɗo ba. Uwar da ta miƙa muku ɗanta a ƙofar majami'a ba za ta buɗe bonet ba. Ta amince ne cewa kun riga kun buɗe.

Saboda haka ga roƙonmu. Kafin fitarmu ta gaba, duk wanda zai ja mota ya zo da ita ranar Asabar da safe. Za mu duba kofin mai, mu leƙa bayan tayoyi ko akwai jiƙa, mu yi gwajin busta, mu saita rediyo. Ranar tafiya kuma, daga ƙofar majami'a zuwa bakin titi, a bar rediyo a kashe, a sauke gilashi, a taka birki sau biyu a saurara. Idan an hau hanya lafiya, sai mawaƙa su ɗauko mana waƙa.

Ubangiji ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya.