Kowane noti da awonsa

Gidimuni tana bakin babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Damagaram ta nufi Gure da Difa. Garin tafki ne da garake. Ana noman rake, da rogo, da albasa, da tumatir, ga kuma dabino. Amma kayan garka ba su da haƙuri. Tumatirin da aka tsinka yau, in bai isa kasuwa gobe ba, jibi sai a zuba wa awaki. Daga nan zuwa Damagaram kuwa ya fi kilomita 60. Saboda haka lafiyar mota a wannan gari ta shafi tukunyar kowa.

To, akwai wani bakanike a bakin hanyar, ƙarƙashin wata rumfa. Ya daɗe yana aikin. Ƙaƙƙarfa ne, kuma yana alfahari da haka. In ya ɗaure noti, ba mai iya kwance shi sai shi. Kullum yana ce wa yaransa: "Ku ja har sai ya yi kuka. Hannuna shi ne ma'aunina."

Wata rana maƙwabcinsa ya kawo masa motarsa, tsohuwar Toyota Hilux mai shan isansi, mai injin da ake kira 22R. Shekaru ya yi yana tara kuɗin rake, ya haɗa da na bijimai biyu, kafin ya saye ta. Injin yana zafi, yana shan ruwa. Bakanike ya sauke kan injin, ya wanke, ya gyara, ya zo mayarwa.

A nan sai an yi bayani kaɗan. Cikin kan injin akwai wata sandar ƙarfe mai tozaye a jere, kamar tozon shanu. Bakanikai suna ce mata kam. In tana juyawa, tozayen nan ne ke buɗe ƙananan ƙofofin da isansi da iska ke shiga, da waɗanda hayaƙi ke fita. Duk juyi biyu na inji, ita tana yin juyi ɗaya. Tana kwance cikin gurbinta, an danne ta da marufai, kowane marufi da noti biyu. Tsakaninta da gurbin akwai 'yar tazara wadda ba ta wuce kaurin silin gashi ba. Ta nan baƙin mai ke bi. Bisa man nan take yawo, ba ta taɓa ƙarfe. Kan injin kuwa da alminiyam aka yi shi, irin ƙarfen da ake zuba tukwane da shi. Ba shi da taurin notin da ke shiga cikinsa.

Bakanike ya ɗauko doguwar sifanarsa, wadda yake ɗaure ƙafar mota da ita. Ya ja noti na farko, ya ja na biyu. Da ya zo na uku, ya ja, ya ƙara ja, sai ya ji abin ya yi laushi a hannunsa. Ya san abin da ya faru: haƙoran ramin sun cinye. Gabansa ya faɗi. Ya dubi mai motar, wanda ke zaune bisa benci yana shan shayi. Magariba ta kusa, kuma an riga an gaya wa masu tumatir su kawo kaya da asuba. Ya ce a ransa: "Sauran notin za su riƙe." Ya rufe inji, ya karɓi kuɗinsa, bai ce kome ba.

Da asuba aka yi lodi. Kwandunan mutum shida ne, za a kai Kasuwar Dole ta Damagaram. Kafin a kai Mirya, inji ya soma ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙofa. Direba ya ɗan ƙara gaba, mota ta mutu. Notin da ya cinye ya saki, marufin ya ɗaga, sandar ta yi ta dukan gurbinta har ta cinye shi. A irin wannan inji, gurbin jikin kan injin ne, ba wani abin da za a cire a sake. Kan injin ya tashi aiki ke nan gaba ɗaya. Tumatir ya yini a rana. Abin da ya isa kasuwa washegari, da ƙyar ya biya kuɗin motar da ta kwashe shi.

Aka ja motar zuwa wani gareji a Damagaram. Bakaniken ya bi ta, shi da babban ɗansa, wanda ya yi lakwal. Mai garejin tsoho ne. Ya zaro notin, ya ga ɓurɓushin alminiyam a naɗe cikin haƙoransa. Bai yi faɗa ba. Ya ce: "Malam, nawa ka ba shi?"

Bakanike ya ce: "Baba, ɗaure shi na yi sosai."

Tsoho ya ce: "Sosai ba lamba ba ce."

Ya ɗauko wani littafi da ya sha baƙin mai, ya miƙa wa yaron, ya ce: "Ɗana, karanta wa mahaifinka." Yaro ya karanta. Notin kan inji, 78. Notin marufin kam, 20. Tsoho ya ce sunan awon nan nuton-mita. Ana kiransa haka don tunawa da Isaac Newton, wani masani na ƙasar Ingila.

Sa'an nan ya yi musu bayani da abin da suka sani. Ya ce a ɗauki sifana mai tsawon mita ɗaya, a rataya kilo ɗaya a bakinta. Ƙarfin da ya isa ga noti, shi ne kusan 10. Ke nan 20 nauyin kilo biyu ne kacal a bakin mita ɗaya. To, sifanar bakanike rabin mita ce. In ya danna ta da nauyin bidon ruwa mai lita 20, ya ba notin kusan 100. Ninki biyar ke nan na abin da ake so. Kuma nauyin bidon ɗaya ba kome ba ne a wurin ƙato.

Bakanike ya ce: "Ashe yaro ma zai iya ɗaure shi."

Tsoho ya ce: "Ƙwarai. Ka taɓa yi wa raƙumi dabaibayi? In ka sassauta, ya kwance ya tafi. In ka matse, igiya ta yanke masa ƙafa. Noti ma haka yake."

Ya nuna musu sifana mai awo. A jikinta akwai lambobi. Sai ka murɗa hannunta ka tsaida bisa lambar da littafi ya faɗa. Kana ja a hankali, in ƙarfin ya kai, sai ta ce ƙyas. Daga nan ka tsaya, ko da zuciyarka ta ce ƙara. Ya ce kowane marufi ya koma wurinsa na dā, ya fuskanci inda alamarsa ta nuna. A wanke ramin noti kafin a sa shi. A soma murɗawa da yatsu. Kada a gama da noti ɗaya sa'an nan a je na gaba. A bi su kaɗan kaɗan, zagaye biyu ko uku, don sandar ta zauna daidai.

Abin da ya fi yi wa bakaniken nauyi, ba a gareji yake ba. Da ya koma Gidimuni, ya tafi gidan mai motar bayan isha'i. Ya ce: "Maƙwabci, na zo da magana. Na ji lokacin da notin nan ya cinye, na yi shiru. Da na faɗa maka, da kwana ɗaya za ka rasa, a gyara ramin." Mai mota ya daɗe bai ce uffan ba. Daga baya dattawa suka shiga tsakani. Bakanike ya sayar da raguna, ya biya rabin kuɗin wani kan inji na hannu, ya yi aikin kyauta. Masu tumatir wasu sun yafe. Wasu har yanzu wani wuri suke kai babur ɗinsu.

Da ya samu sarari, ya sayi tasa sifana mai awo. Ɗansa ya rubuta masa lambobin da gawayi a jikin allo, ya rataya cikin rumfa. Shi da kansa ya zauna ya koyi karanta su.

Jama'a masu garake da masu dabbobi, wannan magana ba ta masu mota kaɗai ba ce. Injin ban ruwa da babur, yawancinsu kansu na alminiyam ne. Wanda ya matse fulogi da ƙarfin tsiya, zai cinye raminsa, shuka ta kwana da ƙishi. An san taki da awo ake zuba shi. An san maganin dabba da awo ake ba ta. To, noti ma yana da nasa. In kun kai gyara, ku tambayi bakanike ko ya san lambar. In bai sani ba, ya tambaya, matambayi ba ya ɓata. In kuma hannu ya yi kuskure, a faɗa tun mota tana ƙarƙashin rumfa, kafin a ɗora mata kayan mutane.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kai kowa kasuwa lafiya.